Majinyaci a Adabin Hausa: Haƙurinmu a Madubin Falsafar Yoga

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To, amma akwai ɗimbin bayin Allah a tsakaninmu waɗanda wannan uwa ta juya wa baya shekara da shekaru, ba su warke ba, ajali kuma bai zo ba, suna nan ana noma da su, ana cin kasuwa da su, ana sahu ɗaya da su a masallaci. Duk wanda ya san garuruwan da ke kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari ya san irin mutanen da muke nufi. Akwai manomin albasa wanda ƙugu ya riƙe saboda yawan duƙawa a fadama, akwai tsohuwa mai sanyin ƙashi, akwai macen da haihuwa ta bar wa rauni, ga kuma yaro mai amosanin jini wanda kan ɓace daga aji da zarar hunturu ya kama.

Mu da muke koyar da adabin Hausa a makarantun sakandare na wannan yanki mukan tsaya gaban allo muna karanta wa yara littattafan da aka zaɓa musu, alhali a cikin ajin akwai wanda bai runtsa ba daren jiya saboda zugin ƙashi. Wannan ya sa tilas mu tambayi kanmu, shin me adabinmu ya tanadar wa irin wannan yaro da iyayensa? Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, ƙagaggun labaranmu sun rage wa kalmar haƙuri daraja har ta koma daidai da yin shiru, alhali kuwa a wurin magabatanmu haƙuri aiki ne mai matakai, wanda ake koya kamar yadda ake koyon saƙa ko ƙira. Domin mu fito da wannan batu fili za mu aro madubi daga nesa, wato falsafar yoga ta mutanen Indiya, tun da mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai da taimakon madubi.

Ciwon da Ba Ya Tafiya

Likitoci sun kasa ciwo gida biyu. Na farko shi ne mai gargaɗi, kamar zafin ƙaya ko na wuta, wanda yake zuwa ya faɗa wa mutum akwai ɓarna, in an gyara ɓarnar ya wuce abinsa. Na biyu shi ne wanda ya zarce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba irin wannan ciwo gurbi na kansa a cikin jerin cututtukan da ta fara aiki da shi a watan Janairun 2022. Hukumar ta kuma bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu kaɗai a faɗin duniya.

A shekarar 1965 wasu masana guda biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ya sauya tunanin likitoci game da zafi. Sun nuna cewa saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye daga wurin rauni zuwa ƙwaƙwalwa, yana ratsa wani wuri a cikin laka mai kama da ƙofa, ƙwaƙwalwa kuma tana da hannu wajen buɗe wannan ƙofa ko tsuke ta. Tsoro da zullumi da rashin barci da kaɗaici sukan ƙara wa zafi ƙarfi, natsuwa da kwanciyar hankali sukan rage masa kaifi. Haka kuma wata likita a Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwon majinyaci ya haɗa da na jiki da na zuciya da na zaman iyali da na ruhi, in an kula da ɗaya an bar uku aiki bai cika ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin ciwon raya wa kai ne. Zafin gaskiya ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ake nufi shi ne wani kaso na wahalar majinyaci yana bi ta hanyar tunani da kalmomin da yake ji, da waɗanda yake faɗa wa kansa. Nan ne maganar ta shigo gonar marubuci, domin kuwa kalmomi su ne hajarsa.

Yadda Marubutanmu Suka Ɗauki Majinyaci

Bari mu fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun da Rupert East ya shirya. Ciwo shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya, domin rashin lafiyar ɗan sarki ne ya sa Alhaji Imam ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da shi. Amma mai karatu ya lura, duk tsawon shekarun da Alhaji ya yi yana yawo, suna damfarar juna shi da Malam Zurƙe, Yarima yana kwance. Mun bi matafiyi gari-gari mun sha dariya, ba mu zauna da majinyaci ko na dare ɗaya ba. Ba mu ji yadda yake kwana ba, ba mu san abin da yake faɗa wa kansa in gari ya waye ba. Ranar da ruwa ya iso sai ciwo ya tafi gaba ɗaya. Ba muna zargin Imam ba ne, labarin barkwanci da yawon duniya ya yi niyyar rubutawa, ya kuma rubuta shi da gwanintar da har gobe ake koyi da ita. Sai dai tsarin da ya kafa, na cewa ciwo dalilin tafiya ne kurum, waraka kuma aba ce da wani jarumi zai ɗauko daga nesa, shi ne ya zauna daram a zukatan marubutan da suka biyo baya.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an ɗan matso kusa da mai wahala. Mahaifiyar Umar ta sha azabar bauta da tafiyar hamada tana neman ɗanta, jikinta ya ƙare, ta cika jim kaɗan bayan sun sadu. Duk da haka daga waje muke kallonta. Abin da marubucin yake son mu gani shi ne juriyarta da sallamawarta, waɗanda abin yabo ne, amma bai nuna mana yadda aka yi ta samu wannan juriya ba, ko kuwa da me take riƙe zuciyarta a ranakun da ta kusa karaya.

Da muka shigo zamanin littattafan soyayya, waɗanda aka yi ta muhawara a kansu a shekarun 1990 da sunan Adabin Kasuwar Kano, sai asibiti ya zama dandali. A nan mun ga ana amfani da ciwo ta hanya biyu. Ta farko, a matsayin shaidar ƙauna: an hana yarinya wanda take so, sai ta yanke jiki ta faɗi, a garzaya da ita asibiti a ɗaura mata ruwa, likita ya ce zuciyarta ta kumbura, iyaye su sauko, a ɗaura aure, ciwo ya bi iska. Ta biyu, a matsayin hukunci: muguwar kishiya ko azzalumin attajiri ba sa ƙare labari lafiya, sai an haɗa su da shanyewar ɓarin jiki ko hauka ko makanta. Finafinan Hausa sun gaji wannan hanya, inda likita kan cire tabarau ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Wannan hanya ta biyu ita ce ta fi ɓarna, domin yarinyar da ta karanta irin waɗannan littattafai guda goma, in ta ga maƙwabciyarsu ta shanye, abin da zai fara zo mata a rai shi ne ko wane alhaki ne ya kama ta.

Marubutan ba su ƙago wannan hali daga iska ba, daga al'ada suka ɗebo shi. A cikin nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa a 1974 game da mutumin kirki a wurin Bahaushe, haƙuri da kunya suna cikin siffofin da ya lissafa. Karin maganarmu ta cika da yabonsa: mahaƙurci mawadaci, haƙuri maganin zaman duniya, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romo. Muna yaba wa mai naƙudar fari in ba a ji muryarta ba, muna yaba wa yaron da bai yi kuka a hannun wanzami ba. In an gai da majinyaci an ce ya jiki, amsa guda ce, da sauƙi, ko da kuwa yana kan gargara. A matsayin ladabi da fatan alheri wannan amsa kyakkyawa ce. Matsala tana zuwa ne idan ita ce amsar da za a ba miji, a ba uwa, a ba malamin asibiti, har mutum ya ba kansa. Mun ce a dafa dutse, amma ba mu faɗi irin itacen da za a hura ba.

Abin da Fatanjali Ya Koyar

Yawancinmu mun san yoga ne ta finafinan Indiya, inda akan nuna tsoho mai dogon gemu ya tanƙwashe ƙafafu a bakin kogi, ko kuma ta hotunan masu motsa jiki a wayar hannu, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni domin yoga, aka kuma fara bikinta a 2015. Asalin abin ya fi haka zurfi. Littafin da ake ɗauka a matsayin tushen wannan falsafa shi ne Yoga Sutra, wanda ake danganta wa wani malami mai suna Fatanjali, masana da yawa kuma suna ganin an tsara shi wajen shekara ta 400 Miladiyya. Gajerun jimloli ne guda 195 ko 196, a babi 4, waɗanda ba a fahimtarsu sai da sharhin malami, kamar dai yadda almajiranmu suke karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure.

Ba yau Musulmi suka fara duba wannan littafi ba. Abu Raihan al-Biruni, mashahurin masanin da aka haifa a shekarar 973, ya koyi harshen malaman Indiya, ya mayar da littafin Fatanjali zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11, ya kuma kwatanta wasu maganganunsa da na sufaye a cikin babban littafinsa kan ƙasar Indiya. Ke nan in muka leƙa shi a yau muna bin sawun da aka taka kusan shekara 1,000 da suka wuce. Darussa uku muke ganin sun shafi mai fama da ciwo.

Darasi na farko shi ne rarrabe zafi da abin da zuciya take ɗora masa. Fatanjali ya lissafa abubuwa 5 da suke azabtar da ɗan Adam: rashin sanin haƙiƙar abu, da ɗaukar abin da ake ji a matsayin shi ne kai, da kwaɗayin abin da ya taɓa yi wa mutum daɗi, da ƙyamar abin da ya taɓa yi masa zafi, da kuma maƙale wa rai saboda tsoron mutuwa. Mu gwada wannan a kan manomin da ƙugu ya riƙe. Zafin ƙugun abu ɗaya ne. A kansa sai zuciya ta ɗora cewa na zama saura, sai ta tuno shekarun da yake nome gona shi kaɗai, sai ta tsorata shi da duk wani motsi har ya koma kwanciya, jiki ya ƙara sandarewa, sai ta hana shi barci da tunanin wa zai ciyar da iyali in ya mutu. Kafin a ankara kaya ɗaya ya zama biyar. Mai yiwuwa ne na farkon ya gagari magani, amma sauran huɗun ana iya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Abin sha'awa shi ne harshenmu ya riga ya san wannan bambanci, domin Bahaushe cewa yake ciwo ya kama ni, ko baya yana yi mini ciwo, wato ni daban, ciwo daban. Mu ne muke rushe bambancin idan muka shafe sunan yanka muka koma kiran mutum gurgu ko mai sikila.

Darasi na biyu shi ne cewa natsuwa tana da matakai. Littafin ya jera 8, zaman jiki da aka fi sanin yoga da shi a yau shi ne na uku, jimloli kaɗan ne kuma suka yi magana a kansa. Kafin shi akwai kame kai daga cutarwa da ƙarya da sata da sauransu, sannan akwai tsabta da wadatar zuci da juriya da nazari. Bayansa akwai daidaita numfashi, da janye hankali daga hayaniyar waje, da tsayar da shi a kan abu ɗaya. In muka karanta wannan da idon majinyaci, barin cutarwa ya haɗa da kada mutum ya cuci jikinsa domin gudun a ce ya yi raki, gaskiya kuma ta haɗa da ya faɗi inda yake masa zafi da yadda yake yi. Numfashi kuwa shi ne abin da mai ciwo yake fara rasa ikonsa, sai ka ga yana haki, kafaɗu sun ɗaure, haƙora sun cije. Idan aka koya masa ya ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali, bugun zuciya kan lafa, naman jiki kan saki.

Darasi na uku shi ne haɗa naci da sakin zuciya. Fatanjali ya nuna cewa hankali ba ya horuwa sai an daɗe ana aikin ba yankewa, tare da cire rai daga ɗokin ganin sakamako. Wannan kishiyar ruwan Bagaja ke nan. Mai ciwon da ba ya tafiya, in ya zauna jiran ranar da wani zai shigo da gora ɗaya da za ta share komai, zai ƙare dukiyarsa tsakanin kemis da masu tallar magani a kasuwa. In kuwa ya karɓi cewa aikin na kullum ne, ɗan tattaki yau, ɗan miƙe gaɓɓai gobe, barci a kan lokaci, to zai iya komawa cikin mutane ko da ciwon bai bar shi ba.

Iyakar Aro

Kayan aro ba ya rufe katara, don haka dole mu faɗi inda wannan aro ya tsaya. Iyaka ta farko ta aƙida ce. Manufar ƙarshe a wurin Fatanjali ita ce raba ruhi da duniyar jiki domin kuɓuta daga sake haihuwa bayan mutuwa, wannan kuwa ya saɓa wa abin da Musulmi ya yi imani da shi. A watan Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yin yoga, a watan Janairun 2009 kuma majalisar malaman Indunusiya ta haramta wadda aka haɗa da karance-karancen bautar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ba ma kiran kowa ya rera abin da bai san ma'anarsa ba. Abin da muke ɗauka shi ne lura da halin zuciyar ɗan Adam, wadda iri ɗaya ce a Indiya da Dancaɗi.

Iyaka ta biyu ta ilimin likita ce. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri a asibitin Jami'ar Masacusets ta Amurka, inda ya koya wa masu daɗaɗɗen ciwo lura da numfashi da sassauƙan motsin yoga ba tare da wata bauta ba, shirin kuma ya bazu a ƙasashe da yawa. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu kafin a kai ga ƙwayoyi. Amma da masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 21 a 2022, sai suka ga sauƙin da take kawowa kaɗan ne, bai kuma fi na sauran hanyoyin motsa jiki ba. Saboda haka babu wata mu'ujiza a nan. Yaron da amosanin jini ya tasar wa yana bukatar asibiti da ƙarin ruwa da maganin zafi mai ƙarfi, mai ciwon daji yana bukatar allurar da za ta ba shi barci, mai ciwon ƙugu yana bukatar masu gashin ƙashi irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Zai zama zalunci babba in aka mayar da "ja numfashi" ya zama sabon "yi haƙuri" da za a riƙa sallamar talaka da shi a inda babu magani.

Gadon Sifawa da Boɗinga

Amfanin madubi shi ne ya nuna wa mutum abin da yake jikinsa. Da muka duba sai muka ga duk darussan nan uku suna cikin taskar da aka bar mana a wannan ƙasa tamu. A Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da wallafa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya yi jinya ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu, ya wallafa Masalihul Insan, littafin da tun daga sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido da na basir, da Baturen nan Clapperton ya ziyarce shi a 1824 kuma, likita yana cikin abubuwan da ya nemi a aiko masa. Mutanen da suka fi mu tawakkali ke nan, amma ba su ga kiran ciwo da sunansa da neman maganinsa a matsayin raki ba.

Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tattara abin da ake karantawa na Alƙur'ani domin neman sauƙi daga cututtuka da damuwa, har da wahalar haihuwa. Amma a wurin mai nazarin adabi marsiyoyinta sun fi jan hankali. A cikin waƙoƙin da ta yi wa ɗan'uwanta Bello da aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye hawaye da kaɗaici da raɗaɗin rashi ba. Takan faɗe su filla-filla, ta lissafa halayen mamacin, sannan a hankali ta juyo da zuciyarta zuwa ga sallamawa. Mai karatu yana ganin haƙuri ana gina shi baiti bayan baiti. Abin da ƙagaggun labaranmu suka tsallake ke nan, suka ɗauki rufin suka bar ginin.

Malaman da su Shehu suka karanta sun riga sun yi wannan bayani. Imam Gazali ya ware wa haƙuri da godiya littafi guda a cikin Ihya'u, ya nuna cewa haƙuri yana da sani da hali da aiki, yana kuma da hanyoyin ƙarfafa shi. Malamai sun bambanta kai kuka ga Allah da yin ƙorafi a kan hukuncinsa, sun kuma ce gaya wa likita abin da ake ji ba ya ɓata haƙuri. Annabi Ayuba, wanda muke buga misali da shi, ya faɗa wa Ubangijinsa cutar da ta same shi, Annabi Yaƙubu ya kai kukan baƙin cikinsa. Muna da ƙana'a, muna da muhasaba, muna da zikiri da natsuwa a cikin salla, waɗanda ibada ce da ake yi domin Allah, kwanciyar zuciya kuma tana cikin albarkarsu. A ƙarni na 20 ma Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana yaro, ya kira babbar waƙarsa Imfiraji, wato yayewar ƙunci, makafi kuma suka ɗauke ta suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje. Mai lalura ne ya yi wa masu lalura waƙa, masu ido suka tsaya sauraro.

Aikin da Ke Gaban Marubuta

Shiru yana da farashi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa magungunan kashe zafi irin su tiramol da kodin suka sha ba bisa umurnin likita ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mu mazauna karkara mun san cewa ba duk mai shan tiramol ne ya fara don neman maye ba. Akwai lebura da ɗan acaba da mai noman ƙodago waɗanda gajiya da ciwon jiki suka kai su, saboda an koya musu cewa namiji ba ya cewa wayyo, ba a kuma koya musu wata dabara ba. Wanda aka hana magana, aka hana dabara, ƙwaya ce za ta zama abokiyar sirrinsa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta da abubuwa huɗu. Na farko, a shigar da mu ɗakin Yarima, wato a rubuta labarin da majinyaci ne tauraronsa, mu kwana da shi mu tashi da shi. Na biyu, a daina mayar da nakasa da cuta bulalar hukunta mugu, a nemo wa azzalumi wani sakamakon. Na uku, a yarda labari ya ƙare ba tare da waraka ba, amma tauraro ya koma gonarsa ko ajinsa ko ɗakin mijinta da mutuncinsa, domin haka rayuwar mafi yawan masu wannan lalura take. Na huɗu, a faɗaɗa kalmomin zafi. Muna da zugi da raɗaɗi da suka da tsami da zogi da sara da murɗa, kowanne da inda ya dace, yaron da ya koye su a littafi zai iya yi wa malamin asibiti bayanin da zai taimake shi.

Mawaƙa kuma suna da abin koyi a gida. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, shekaru da yawa kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 domin yara su haddace labarin ƙasa da tarihi cikin sauƙi. Malamin da ya iya sa koguna da garuruwa a baiti ya nuna mana hanya. Ana iya tsara waƙar da za ta koya wa uwa alamomin tashin amosanin jini da lokacin garzayawa asibiti, ta koya wa dattijo yadda zai daidaita numfashinsa in dare ya yi tsawo, ta koya wa mai zuwa dubiya abin da zai faɗa bayan sannu.

Kammalawa

A taƙaice, mun duba yadda ƙagaggun labaranmu suka mayar da majinyaci dalilin tafiya ko shaidar soyayya ko abin hukunci, suka bar shi da kalma ɗaya tak. Mun leƙa littafin Fatanjali mun ga yadda ya rarrabe zafi da kayan da zuciya take ɗora masa, ya kuma tsara natsuwa mataki-mataki, mun faɗi abin da ba za mu ɗauka ba na aƙida, da abin da ba zai maye gurbin asibiti ba. Daga nan mun dawo gida mun tarar Malam Abdullahi da Bello da Nana Asma'u sun riga sun share mana fage. Saura aiki ga masu alƙalami na yau. Muna fatan wasu manazarta za su ɗora daga inda muka tsaya, musamman a kan waƙoƙin baka na mata da na makafi, waɗanda ke cike da maganar ciwo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya sa kaffara ne, mu kuma Ya ba mu ikon sauraronsu, amin.